Neman shawara: Zan kai iyali Mambila da mota daga Kano, a ina ya kamata mu riƙa kwana?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum jama'a, da fatan an tashi lafiya. Shawara nake nema, kuma don Allah na fi son jin ta bakin wanda ya taɓa bin hanyar da kansa.

Shekara uku ke nan ina yi wa iyali alkawarin kai su tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Tun ranar da babbar 'yata ta ga hoton gonar shayi ta Kakara a waya take tambayata wai da gaske nan Najeriya ce. Bana Allah ya sa na samu hutun kwana 9 a Disamba, daidai da hutun makaranta. Mu bakwai ne: ni da mai ɗakina, yara uku masu shekara 11 da 8 da 4, ƙanina da zai riƙa karɓar tuƙi, sai Hajiyarmu. Ita Hajiya ba ta cikin lissafi da farko, amma da ta ji ta ce ƙafarmu ƙafarta, don marigayi mahaifinmu ya yi fataucin shanu a Nguroje kafin a haife ni, kuma har ya rasu yana ba ta labarin sanyin garin. Shekararta 67, tana da hawan jini amma tana shan magani.

Motar Sienna ce, otomatik. Tsarin da na yi: ranar farko Kano zuwa Jalingo, mu kwana. Rana ta biyu Jalingo zuwa Gembu, babban garin da ke saman tsaunin. Mu yi kwana huɗu a sama, mu juyo kamar yadda muka je. Wannan lissafi ya yi? Motar za ta hau? Me zan tanada?

Tsohon Direba:

Wa alaikumus salam. Alhaji, lissafinka na mai kallon taswira ne, ba na mai tsohuwa da yaro ɗan shekara huɗu a mota ba. Na yi shekaru ina ɗaukar fasinja daga Jalingo zuwa Gembu, bari in gaya maka yadda abin yake.

Kano zuwa Jalingo a yini guda, mu 'yan haya muna yi, amma mu ba ma tsayawa yaro ya yi fitsari sau shida. Kano zuwa Bauchi kaɗai kusan kilomita 300 ne, sai ka ƙara wasu 150 da ɗoriya zuwa Gombe. Ka kwana a Gombe. Washegari ka bi Kumo, Billiri, Kaltungo, Cham, ka haye gadar Numan inda Gongola ke zuba a Binuwai, ka sauka Jalingo da sauran rana. Wannan ɓangaren ma ba na gudu ba ne, ramuka ba sa rabuwa da shi, kuma duwatsun Kaltungo da Tula sun isa a rage tafiya yara su kalla.

Amma inda na fi so ka saurare ni shi ne rana ta uku. Daga Jalingo za ka bi Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe. A Mayo Selbe ƙasa ke ƙarewa, dutse ya fara. Wanda ya taso daga Jalingo da iyali, sai ya iso gindin dutsen nan bayan la'asar, a gajiye, mota ta ɗau zafi, yara sun fara kuka, shi kuma zuciyarsa na raya masa saura kaɗan. A nan ake yin kuskuren. Hawan nan kwana ne a kan kwana, gefe ɗaya bangon dutse, ɗaya gefen rami wanda ba ka ganin ƙarshensa, ga manyan motoci na saukowa da katako da ayaba, wasu birkinsu sai addu'a. In magariba ta same ka a ciki, hazo ya sauko, ko hancin motarka ba za ka gani da kyau ba. To kuma me ka je gani? Ka biya kuɗin mai tun daga Kano don ka wuce wurin da ya fi ko'ina kyau a cikin duhu?

Ka kwana a Serti. Ka yi asuba, ku karya, ka bari gari ya waye tangaran, sannan ka tashi. Za ka hau dutsen da hantsi, injin a sanyaye, idonka a buɗe. Akwai wurin da ake kira Biyu da Sisi, ana cewa ladan da ake biyan masu dakon kaya ke nan a zamanin Turawa kafin a yi hanyar mota. Sai ka wuce Tungar Ahmadu, ka fito Maisamari, daga nan ka hau saman ke nan. Nguroje na gaba, sannan Gembu. Kafin azahar ko jim kaɗan bayanta kun sauke kaya.

Kwana uku a hanya ke nan, ba ɗaya ba. Na san zai ci maka hutu. Ka rage kwanakin sama, kada ka rage na hanya.

Abban Sadik:

Ni dai da ni ne, jirgi zan hau zuwa Yola, in ɗauki shatar mota daga can. Me zai sa mutum ya kashe motarsa a banza?

Tsohon Direba:

Mutum bakwai a jirgi, zuwa da dawowa? Ranka ya daɗe, ka lissafa ka gani, kuɗin ya sayi tayoyi huɗu sababbi har da canji mai yawa. Kuma ko ka sauka Yola dutsen na nan yana jiranka.

Bakanike na Kofar Ruwa:

Ina bayan Baba Direba, sai dai shi hawa ya fi ba wa ƙarfi, ni kuwa saukowa ce ke ba ni tsoro. Hawa, iyakarta mota ta yi zafi ka tsaya. Sauka, in birki ya tafi ba tsayawa.

Sienna za ta hau lafiya lau in tana da lafiya, injinta V6 ne, ba ƙarfi ne matsalarta ba. Matsalar masu otomatik ita ce sun saba da D da birki kawai. A gangara mai tsawo, in ka ɗora ƙafa a birki ba ɗagawa, takalmin birki zai yi zafi ya daina kamawa, man birkin kuma in tsoho ne ya sha danshi, zai tafasa, sai ka taka ka ji feda ta nutse har ƙasa kamar ka taka soso. Maganin abin: tun kafin ka fara gangarowa ka mayar da giya 2, inda ya yi tsanani ka sa L. Injin zai yi ta ƙara kamar zai fashe, ƙyale shi, aikinsa yake yi. Birki kuwa ka taka da ƙarfi ka saki, kada ka riƙe. In ka ji ƙauri, nemi fili ka tsaya minti 20, kuma kada ka watsa wa ƙafar mota ruwa don ta huce, ƙarfen zai lanƙwashe. Kada ka kuskura ka sa N a gangara wai kana tattalin mai. Ka gaya wa ƙaninka wannan sau uku, samari ne ke yin ta.

Kafin ku tashi, a juye man birki gaba ɗaya a zuba sabo, ba ciko ba. A duba takalman gaba da na baya, lagireto da fankarsa, fanbel, da man giya. Safaya ta zama cikakkiyar taya, kuma ka gwada sauko da ita tun a gida, don ta Sienna a ƙarƙashin mota take, na sha ganin wadda tsatsa ta cinye ta ƙi sauka sai a daji ake ganewa. Wajen hawa a kashe AC. Ai ma ba za ku buƙace ta ba.

Abu ɗaya da motarka ba za ta iya ba: Sienna ƙasa-ƙasa ce, ga mutum bakwai da kaya. Babbar hanya za ta bi, amma hanyoyin ƙauyuka na can ba nata ba ne.

Bappa na Nguroje:

Jam, Baban Hanifa. Ni ɗan can ne, aiki ne ya kawo ni Kaduna. Na ji daɗin labarin Hajiya, Allah ya jiƙan Baba.

Maganar bakanike gaskiya ce. Shi ya sa har yau za ka ga tsofaffin Land Rover suna aiki a wurinmu, wasu sun girme ka, su ke ɗauko masara da dankali da mutane daga ƙauyuka. In kun sauka ka ajiye motarka a masauki, ka ɗauki shatar mai ƙarfi ta gari da direban da ya san hanya. Babur ya fi yawa, amma ba da Hajiya ba.

Sai dai in gaya maka abin da masu ɗora hotuna ba sa faɗa. Wannan kore shar da 'yarka ta gani, na damina ne da bayanta kaɗan. Damina a can doguwa ce, tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, wani lokaci har ta taɓa Nuwamba. Lokacin da ya fi kyau shi ne Nuwamba: ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ciyawa ba ta bushe ba. Zuwa ƙarshen Disamba tuddai sun fara zama ruwan ƙasa, an fara ƙona ciyawa don sabon tsiro ya fito wa shanu, hazon hunturu kuma yakan rufe nesa. In za ka iya, ka tafi ranar da aka ba yara hutu, kada ka jira bayan Kirsimeti. Gonar shayi dai kore take duk shekara, wannan ba za ku rasa ba.

Tunda Nguroje ce a zuciyar Hajiya, ga shawarata. Tana kan hanyarku kafin Gembu, ku tsaya ku yi azahar a can, ku ci abinci, ta zaga cikin gari, a kai ta inda ake cinikin shanu. Amma kwana ku yi a Gembu, nan ne hedikwatar ƙaramar hukumar Sardauna, masauki ya fi yawa, akwai asibiti da banki. Kada ka sa ran otal irin na Kano. Ɗaki mai tsabta, bargo, ruwan zafi a bokiti in ka roƙa, wuta kuma sai an tada janareta ko sola. Ka tambayi ruwan zafi kafin ka biya kuɗi, ba bayan ka biya ba.

Wuraren gani: Kakara, inda ake yin shayin Highland, ku je da safe lokacin da ake tsinkar ganye, kuma ku nemi izini a ƙofa kafin ku shiga da kyamara. Kogin Donga yana ƙasan Gembu, yara za su so ganin yadda ake haye da mutane da babura a kwalekwale, amma kallo kawai. Dajin Ngel Nyaki kusa da ƙauyen Yelwa, akwai birai da tsuntsaye har masu bincike daga ƙasashen waje na zuwa, sai dai tafiyar ƙafa ce, kai da ƙaninka da babbar 'yar ku je, sauran su huta. Chappal Waddi kuwa, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, mita 2,419, ka cire shi a ranka a wannan zuwan. Tafiyar kwanaki ce da jagora, kuma yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, sai da izini.

Ni a ganina ma abin da ya fi duk waɗannan shi ne ka fita bayan gari da sassafe, ka tsaya kawai. Gajimare na ƙasanka a cikin kwari, shanu na kiwo a kan tudu ba mai korar ƙuda, don tsando ba ya rayuwa a wannan sanyin, abin da ya jawo Fulani can tun farko ke nan. A sayo muku kindirmo da man shanu. Fiya da ayaba kuwa sai kun gaji.

Hausa za ta kai ka ko'ina, amma Fulatanci ne harshen kasuwa, ƙabilun Mambila da Kaka da Fulani duk da shi suke ciniki. Ko "jam na" (gaisuwa) da "useko" (godiya) ka riƙe, za ka ga fara'a. Abu ɗaya: kada ka shiga hirar filaye tsakanin makiyaya da manoma, ko da wani ya jawo ka. An yi rikici a 2017, mutane ba su manta ba. Kai baƙo ne, ka sha shayinka.

Maman 'Yan Biyu:

Maza duk kun tsaya a mota da dutse, ba wanda ya tuna da yara. Mun je shekara biyu da suka wuce, biki ya kai mu. Don Allah ka miƙa wa maman Hanifa wayar ta karanta wannan.

'Yar'uwa, kwanonin hanyar dutsen nan suna juya ciki. Nawa biyun duk sun yi amai kafin mu kai rabin dutse, kuma laifina ne, na cika su da shayi mai madara da ƙwai a Serti. Ki ba su abu mara maiƙo, burodi ko ɗan kunu, ki hana su kallon waya a mota, ki riƙe leda da tsumma da kayan canji a kusa da ke, ba cikin but ba. Lemon tsami da citta sun taimaka mana. Kunnuwansu za su toshe saboda hawa, ki ba su alewa su tsotsa ko su yi ta hamma.

Sanyi kuma ba irin hunturun Kano ba ne da rana na fitowa ya gudu. Da dare yana shiga ƙashi. Rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safa, ga kowa, har da Alhaji da zai ce shi ba ya ji. Ki tafi da bargunanku ko biyu ne. Man kaɗanya don leɓe da ƙafa. Kayan da kika wanke ba lallai su bushe a yini ɗaya ba, ki ɗebi da yawa. Amma ki ware kaya marasa nauyi na Jalingo da Serti, can zafi ne da sauro, ki sa gidan sauro a jaka.

Abin da ya fi muhimmanci: kada a kwana da kaskon gawayi a ɗaki a rufe. Za ki ga ana yi. Hayaƙinsa ba ya wari, barci kawai mutum zai yi ya zarce. A ɗumama ɗaki, a fitar da shi waje kafin a kwanta.

Guzuri ki yi dambun nama da cincin da soyayyen kaza na ranar farko, ki riƙe filas biyu. Tsakanin Bali da Serti ba ko'ina za ki samu abin da yaro zai ci ba.

Anti Nas:

Game da Hajiya. Tsayin wurin kusan mita 1,600 ne a matsakaici, wasu garuruwan sun ɗara haka. Yawancin mutane ba abin da suke ji sai ɗan haki in sun hau tudu. Amma sanyi na ɗaga hawan jini, doguwar zama a mota kuma na kumbura ƙafa. Ku kai ta a auna ta mako guda kafin tafiya, ku gaya wa likitanta inda za ku. Maganinta ya zama na kwana 14 ko fiye, a jakar hannunta. Ku tafi da na'urar awo in kuna da ita. Duk bayan awa biyu a tsaya ta taka ƙasa. Kuma tsofaffi na ƙin shan ruwa a tafiya don gudun fitsari, ku matsa mata. In ta ce ƙirji na ciwo ko numfashi na yi mata wuya tana zaune, asibiti kai tsaye, ba jiƙo ba.

Malam na Zaure:

Ƙarin bayani kan sallah, tunda ba wanda ya taɓo. Tafiyarku ta wuce nisan kasaru nesa ba kusa ba, don a mazhabar Malikiyya kusan kilomita 80 ne. Za ku yi kasaru a hanya. In kun isa Gembu da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, kun zama mazauna, sai ku cika. In ƙasa da haka ne kuna nan a matafiya. Hajiya kuma a dafa mata ruwan alwala, ruwan asuba a can ba wasa ba ne.

Sunan Sardauna da ƙaramar hukumar ke ɗauke da shi ma yana da tarihi, ko za ka ba yara a mota. Yankin yana ƙarƙashin Jamus ne a da, cikin Kamaru, sannan ya koma riƙon Ingila. A 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, arewacin yankin ya zaɓi Najeriya, aka sa wa lardin suna Sardauna saboda Sir Ahmadu Bello. Jihar Taraba kanta sai 1991 aka ƙirƙiro ta.

Tsohon Direba:

Na manta abu biyu. Mai: ka cika tanki a Jalingo, ka sake cikawa a Bali ko Serti ko da rabi ya rage, a sama ya fi tsada kuma wani lokaci sai na jarka. Kuɗi: ka riƙe tsaba, akwai wuraren da sabis ke ɗaukewa, mai POS ya zuba maka ido. Takardun mota su cika, kowa da katin shaidarsa, hanyar iyaka ce, shingaye ba adadi. Ka gaisa, ka sauke gilashi, kada ka yi gardama. Kowace safiya kafin ka tashi ka leƙa tasha ka tambayi direbobin da suka iso jiya yadda hanya take, gada ko wani abu. Labarinsu ya fi na waya sabunta. Kuma duk inda la'asar sakaliya ta same ka a gari, nan ne masaukinka.

A kan dutse, hon a kowace kwana. Mai hawa ake ba hanya, amma in ka ga babbar mota na saukowa, kai ka raɓe, kada ka tsaya neman haƙƙinka.

Baban Hanifa:

Kai jama'a, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na karanta wa Hajiya duka, da aka zo wajen Nguroje sai da ta share hawaye, ta ce a gaishe da Bappa.

Ga yadda na gyara: Gombe, Jalingo, Serti, sannan Gembu kwana uku. Dawowa mu sauko da safe mu zarce Jalingo, sai Gombe, sai gida ranar ta tara. Motar na kai ta gareji jibi. Ƙanina ya ce wai shi ya san L, na ce zai sake sani.

Saura tambaya ɗaya. Tunda za mu kwana a Serti, kuma na ji nan ne ofishin gandun Gashaka Gumti, zai yiwu mu leƙa da yamma yara su ga namun daji?

Bappa na Nguroje:

Ina amsawa, a gaida min Hajiya da kyau. Gandun nan shi ne mafi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000, ba gidan zu ba ne da za a leƙa a fito. Daga Serti zuwa ƙauyen Gashaka hanya ce ta mota mai ƙarfi, kuma dabba ba ta fitowa don ta ji an zo daga Kano. Ku shiga ofishin ku gaisa, ku tambayi yadda ake shirya ziyara, ku ajiye shi sai wani zuwan. Da yammar nan ka bar Hajiya ta miƙe ƙafa.

In kun je Kakara a riƙo min kwali biyu na shayi, zan aiko a karɓa a Kano. Na nan Kaduna ban yarda da shi ba.